Dogon benen ofisoshi a tsakiyar Njamena: wane zane ne zai jure rana da ƙura?

Mai zanen gine-gine, Njamena

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya shigo ofishinmu, domin na san a cikinmu akwai injiniyoyi da magina da 'yan kasuwa, akwai kuma masu wuni a irin ginin da zan yi magana a kai. Wasu masu zuba jari sun nemi mu yi musu zanen farko na bene mai hawa 20 da za a ba bankuna da kamfanonin inshora haya, a yankin da bankuna suka taru wajen titin Charles de Gaulle. Sun zo da hoto a waya, na wani bene mai gilashi tun daga ƙasa har sama, suka ce irinsa suke so. Sannan suka gindaya sharaɗin cewa ginin ya kasance mai tsimin wuta da ruwa, saboda masu ba su lamuni suna tambayar takardar shaida irin ta EDGE, wadda hukumar IFC ta Bankin Duniya ta ƙirƙiro domin ginin da ya rage aƙalla kashi 20 cikin 100 na wutar da yake ci da ruwan da yake sha da makamashin da ya tafi wajen sarrafa kayan gininsa.

Abin da ya dame ni shi ne buƙatun nan biyu ba sa shan inuwa ɗaya a garinmu. Njamena tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana takan tsaya daidai tsakar kanmu sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta, sauran watanni kuwa ta ɗan karkata kudu ko arewa. Ma'anar wannan ga mai zane ita ce bangon kudu da na arewa suna da sauƙin karewa, domin 'yar rumfa a saman kowace taga ta isa ta tare ranar da ke saukowa daga sama. Gabas da yamma ne masu wuya, saboda hantsi da ranar la'asar a kwance suke shigowa, babu rumfar da za ta tare su. Shawarata ita ce a yi ginin dogo siriri, faffaɗan jikinsa yana kallon kudu da arewa, a tura matakala da lif da banɗaki zuwa gefen gabas da yamma su zama garkuwa, gilashi kuma kada ya kai rabin bango. Me kuka gani?

Alhaji ɗan kasuwa, Kusuri

Wa alaikumus salam. Malam mai zane, na karanta bayaninka da kyau, amma bari in faɗi abin da mai kuɗin ke tunani, tunda ni ma na gina shaguna na ba da haya. Wanda zai zuba biliyoyin sefa a fili mai tsada irin na tsakiyar Njamena yana son ginin da in baƙo ya hango shi tun daga kan gadar Ngeli da ke haɗa Kusuri da Njamena zai tambaya na wane ne. Banki kuma yana biyan haya mai tsoka ne a inda abokan hulɗarsa za su ga alamar ƙarfi. Na je Dubai sau da yawa sarin kaya, zafinsu bai gaza namu ba, kuma benayen gilashi ne cike da garin. Idan su sun iya, me zai hana mu? Ina jin tsoron ka kai wa mutanen nan zanen da zai yi musu kama da asibiti, su tattara takardunsu su nufi wani ofishin.

Ma'aikaciyar banki, Njamena

Alhaji, da girmamawa, ni ce mai zama a cikin abin da kake hangowa daga gada. Na yi shekara shida ina aiki a hawa na biyar na wani gini mai fuskar gilashi da ke kallon yamma. Daga ƙarfe biyu na rana duk labulayen ofis a sauke suke, fitilu kuwa a kunne, wato muna biyan kuɗin wuta domin mu ga takarda alhali rana tana tsaye a bayan labule. Wanda teburinsa ke jikin taga yana zufa, wadda ke ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki tana lulluɓe da mayafi biyu, kullum ana jayayya a kan maɓallin na'urar. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, idan aka ɗauke wuta kuma janareta ya yi jinkirin tashi, kafin kwata ɗaya ɗakin ya zama tanda, ga shi babu taga ko ɗaya da ake iya buɗewa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Ina da ciki wata bakwai lif ya tsaya, aka ce sai an kawo wani ƙarfe daga waje, muka yi mako uku muna hawa da ƙafa. Hawa biyar ne kawai. Don haka tambayata ga Malam mai zane guda ce: a benenka mai hawa 20, me zai faru da mutumin da ke hawa na 18 a awa ta farko bayan an ɗauke wuta?

Injiniyan lantarki, Garwa

Hajiya ta yi tambayar da ya kamata a fara zane da ita. Kafin a amsa, bari in kawo lissafi, domin mutane da yawa suna zaton idan an shimfiɗa faifan sola a rufi magana ta ƙare.

Mu ɗauka kowane hawa yana da faɗin murabba'in mita 1,000. Hawa 20 ya ba mu 20,000 ke nan da za a sanyaya a haskaka, rufin kuwa guda ne tak, shi ma 1,000. Bayan an cire wurin injin lif da tankunan ruwa da na'urorin sanyi da hanyar ma'aikata, da ƙyar a samu 600 na shimfiɗa sola. A ranar ƙasarmu, murabba'in mita ɗaya na faifai yakan ba da kusan yunit ɗaya a wuni, irin yunit ɗin da muke gani a takardar kuɗin wuta, wato yunit 600 a rana, kimanin 220,000 a shekara. Idan muka kyautata zato muka ce ginin zai ci yunit 100 kacal a kowane murabba'in mita a shekara, buƙatarsa miliyan 2 ce. Rufin ya biya kashi ɗaya cikin goma da 'yan kai. Da a ce faɗin ofisoshin nan an raba shi a gini mai hawa huɗu, rufinsa ya ninka wannan sau biyar, kuma da sola ta ɗauke fiye da rabin nauyin. Tsawo da kansa yana da farashi, ko da an yi zane mai kyau.

Alhaji ya kawo misalin Dubai. Bambancinmu da su shi ne wuta. Mu a arewacin Kamaru mun daɗe muna dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, wadda aka kammala a 1982, kuma duk shekarar da ruwan Binuwai ya ja baya mun san abin da ke biyowa, shi ya sa tashoshin sola na Marwa da Gidar, da suka fara da kimanin megawat 30 a haɗe, suka zama mana babban sauƙi. A Njamena kuwa kowane babban ofis yana da janaretansa. Benen gilashi a nan yana nufin tankar gas tana tsaye a ƙofar baya kowane mako.

Ɗalibar fannin gine-gine, Ngaundare

Malamaina, ku yi haƙuri in sa baki. An koya mana labarin ginin Eastgate da ke Harare a Zimbabuwe, wanda Mick Pearce ya zana aka buɗe a 1996. Ya ɗauki darasi daga surin gara: da dare fankoki suna tura iska mai sanyi ta cikin ramukan da aka bari a kankaren bene, kankaren ya sha sanyi ya riƙe, da rana kuma iska mai zafi ta fice ta bututan da ke saman rufi, har ginin ya wadatu ba tare da babbar na'urar sanyaya ɗaki ba. A Jamus ma benen Commerzbank na Frankfurt, wanda ofishin Norman Foster ya zana aka gama a 1997, yana da lambuna a tsakanin hawa-hawa da tagogin da ma'aikata ke buɗewa da hannunsu. Me zai hana a haɗa dabarun nan biyu a Njamena?

Mai zanen gine-gine, Njamena

Ƙanwata, kin kawo misalai masu kyau, kuma na daɗe ina juya na Harare a raina. Sai dai Harare tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,500, darenta yana da sanyi kusan duk shekara, mu kuwa muna wajen mita 300 a bakin kogin Shari. Daga Disamba zuwa Fabrairu dabarar za ta yi mana aiki sosai, domin asubar hunturu tana da sanyin da kankare zai adana. Amma a Afrilu da Mayu, lokacin da mutane ke fitar da katifa tsakar gida su kwana suna fifita, wane sanyi dare zai ba kankaren? Ga kuma ƙura: kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar nan ta Chadi yana cikin wuraren da suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura, kuma a daidai watannin da iskar dare ke da amfani ne hazo ke sauka. Iskar da za a shigar dole ta bi ta matata, matatar kuma dole a samu mai wanke ta.

Abin da nake gani shi ne gini mai hali biyu. A hunturu ya sha iskar dare da aka tace, da bazara a rufe shi a kunna na'ura, amma na'urar ta zama ƙarama saboda inuwa ta riga ta rage mata aiki, a kuma sa fankar sama a kowane ofis domin mutum ya ji daɗi a digiri 26 maimakon 22. Amsata ga Hajiya ke nan: kowane ofis zai samu ƙaramar taga mai buɗuwa, bango mai kauri zai jinkirta shigowar zafi na sa'o'i, lif guda zai zauna a kan batirin da sola ke cikawa, matakala kuwa za ta samu hasken rana da iska ta yadda mutum zai sauka ba tare da fitila ba.

Tsohon magini, Marwa

Ɗana ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Na yi shekara fiye da 40 ina gini, daga na ƙasa har na siminti. Yaro mai zane, Allah ya yi maka albarka, maganarka ta inuwa gaskiya ce. Kakanninmu ba su yi karatun digiri ba, amma ka shiga tsohon zaure da azahar ka ji yadda yake, ko ka je garin Pus ka ga ɗakunan ƙabilar Musgum da aka ɗaga da laka zalla, wasu har mita tara, da 'yar kafa a ƙoli inda zafi ke fita.

Sai dai duk kuna ta maganar sama, babu wanda ya taɓo ƙasa. A wajenmu akwai baƙar ƙasar da Fulani ke kira karal, wadda ake dasa masakwa a cikinta. Da rani takan tsage har hannu ya shige, da damina ta kumbura ta ɗaga abin da ke kanta. Na ga gida mai hawa ɗaya da bangonsa ya rabe biyu a shekara ta uku saboda an yi ƙyashin kuɗin tushe. Ƙasar bakin Shari da Logon laka ce da yashi da kogi ya tara, ruwa kuma yana kusa. Kafin ka zana taga ko ɗaya, ka sa a haƙa a auna, ka san zurfin turakun da za a kafa. Sannan ina tambaya, don Allah me ya sa sai hawa 20? Gini uku masu hawa bakwai da tsakar gida a tsakiyarsu, kowanne yana yi wa ɗan'uwansa inuwa, ba su isa ba?

Mai zanen gine-gine, Njamena

Baba, na gode, kuma na karɓi gyara. Awon ƙasa shi ne farkon abin da zan rubuta a takardar da zan miƙa musu. Maganarka ta tuna mini ambaliyar 2022, lokacin da Shari da Logon suka cika suka shiga unguwanni, mutane suka koma yawo a kwalekwale. Hoton da aka kawo mini yana da wurin ajiye motoci hawa biyu a ƙarƙashin ƙasa, inda aka saba jibge janareta da allunan wuta da famfunan kashe gobara. A nan ba zan yarda da haka ba. Motoci za su hau hawa na ɗaya da na biyu, injuna su zauna sama da inda ruwa zai iya kaiwa, dandamalin ginin ma a ɗaga shi.

Batun tsawo kuwa, filin bai kai na gini uku ba. Kuma ina ganin akwai hujja guda da ke goyon bayan bene: garin nan yana ta bazuwa zuwa cikin fadamun da ruwa ke kwanciya, ma'aikaci yana ƙona mai daga nesa kafin ya iso aiki. Tara ofisoshi a wuri guda yana rage wannan. Amma lissafin Injiniya da tambayarka sun sa na fara shakkar ko 20 ne adadin da ya dace.

Shawarar da na ɗauka daga gininku na gargajiya ita ce ta bango. Ƙashin ginin dole ya zama kankare da rodi, amma cikon bango ana iya yinsa da jan bulo ko tubalin ƙasa da aka matse da inji aka ɗan sa masa siminti, irin hanyar da Francis Kéré na Burkina Faso ya bi a makarantar Gando, shi da ya samu babbar kyautar zanen gine-gine ta Pritzker a 2022. Sarrafa siminti yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma ko daga masana'antar Figil ta Kamaru aka ɗauko shi ko daga ta Bawore ta wajen Pala a nan Chadi, sai ya sha doguwar tafiya a tirela.

Alhaji ɗan kasuwa, Kusuri

Baba magini ya yi magana, ba ni da ta cewa a kan tushe. Amma ban sauka daga kan maganata ba tukuna. A Abu Dabi na ga tagwayen benaye da ake kira Al Bahr, an yi musu wata riga a waje mai kama da laima-laima, tana buɗewa tana rufewa tana bin rana. Gilashi yana nan, inuwa tana nan, kyau yana nan. Me ya sa ba za a yi wa mutanen nan irinta ba, kowa ya samu abin da yake so?

Injiniyan lantarki, Garwa

Alhaji, benayen nan masu hawa 29 da aka gama a 2012 abin sha'awa ne, kuma sun tabbatar da maganar Malam mai zane, tunda su ma Larabawan sai da suka sa wa gilashin riga. Amma kowace laima tana da injin da ke motsa ta, kwamfuta ce kuma ke ba su umarni. Ka tuna mako ukun da Hajiya ta yi tana jiran ƙarfen lif guda. Kayan gyara sai sun sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, su yi tafiyar kusan kilomita 1,800 kafin su iso Njamena, ƙurar hunturu kuma ba ta barin abin da ke motsi ya zauna lafiya. Inuwar da za ta ɗore a nan ita ce wadda ba ta motsi: fukafukan kankare ko na ƙarfe, ko tubali mai huji-huji da magininmu zai iya gyarawa da cokalinsa. Ana iya ƙawata ta da zanen dagi ko irin adon da matan ƙauyen Gawi na kusa da Njamena ke yi wa bangonsu, kuma ina tabbatar maka za a hango ta daga gada. A gefen kudu ma ana iya mayar da rumfunan tagogin su zama faifan sola, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ƙari guda a kan sanyi: maimakon ɗaruruwan ƙananan na'urori rataye a bango, a yi babbar na'ura guda mai sanyaya ruwa, da katafaren tanki mai rufi da zai adana ruwan sanyin. Tankin yakan ci gaba da sanyaya gini da ƙaramin famfo bayan wuta ta tafi, kuma ya fi batir araha da tsawon rai.

Ma'aikaciyar banki, Njamena

Akwai abu biyu da ban ji an ambata ba. Na farko gobara. Tsanin motar kashe gobara yakan tsaya ne a wajen hawa na goma, abin da ya wuce nan sai ginin ya ceci kansa. A 2017 wuta ta kama benen Grenfell a Landan, ta bi ta rufin ado da aka manna a jikin bangon waje, mutum 72 suka rasu, a ƙasar da ke da kayan aiki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk rigar da za a sa wa benen nan ta zama wadda ba ta cin wuta, matakala ta zama biyu a nesa da juna, tankin ruwan gobara kuma kada a taɓa shi don wankin mota.

Na biyu ruwa da mutane. A ofishinmu ruwan alwala da na wanke hannu duk kwata yake tafiya, alhali da an tace shi ya isa a kora banɗaki a shayar da itatuwa. Masallaci kuma kada a tura shi lungun wurin ajiye motoci kamar yadda aka saba, kuma a tuna da ɓangaren mata. Sannan ƙofar kowane banki a garin nan cike take da 'yan kilando da masu shayi da masu jiran layi a rana. Idan an ja hawan ƙasa ciki aka bar baranda mai faɗi da itatuwan dogon yaro a gabanta, su ma sun samu rabonsu a ginin.

Mai zanen gine-gine, Njamena

Hajiya, duka na rubuta. A kan ruwa, na yi lissafin na sama: Njamena tana samun abin da bai wuce milimita 600 ba a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Rufinmu zai tara ƙasa da lita 600,000, idan kuma mutum 1,500 suna amfani da lita 20 kowannensu a wuni, ruwan shekara guda zai ƙare cikin kwana 20. Saboda haka sake amfani da ruwan alwala da kika faɗa ya fi tara ruwan sama muhimmanci nesa ba kusa ba, haka ma ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyi da damina. Lambunan sama irin na Frankfurt kuwa na cire su, domin shayar da su a Maris zai cinye duk abin da aka yi tsimi.

Alhaji ɗan kasuwa, Kusuri

To, na yarda da inuwar da ba ta motsi, in dai za a yi mata ado. Saura magana guda, kuma ita ce za ta yanke hukunci a ɗakin taro. Mai gini shi ke biyan kuɗin bango mai kauri da tanki da matatar ruwa, amma ɗan haya ne ke cin ribar ƙarancin kuɗin wuta. In ba ka nuna wa masu jarin ta inda kuɗinsu zai dawo ba, za su yaba zanenka su gina na gilashi. Shawarata, a haɗa kuɗin sanyi da na janareta a cikin haya, mai gini ya riƙe su a hannunsa, ta yadda duk litar gas da ba a ƙona ba aljihunsa za ta shiga. Kuma tun ran gini ran zane: a ware kason gyara a cikin hayar, a ɗauki samarin da za su kula da injunan tun ana kafa su, su koya a hannun waɗanda suka kawo.

Mai zanen gine-gine, Njamena

Alhaji, wannan ita ce hujjar da nake nema ban samu ba. Zan shiga taron da zane biyu, ɗaya mai hawa 20 kamar yadda suka nema, ɗaya mai hawa 12 da ya fi faɗi kaɗan, kowanne da kiyasin gas ɗin da zai sha a shekara da kuɗin turakun tushensa. Injiniya, don Allah ka turo mini girman tankin ruwan sanyi da zai riƙe kowanne daga cikinsu na awa uku ba wuta, kafin ranar Alhamis. Baba, idan ɗanka zai iya ɗauko mini hoton tubalin nan mai huji da kuke yi a Marwa tare da awonsa, ina so in ga ko zai hau bangon yamma.

Tsohon magini, Marwa

Zai ɗauko maka gobe in Allah ya kai mu. Amma ka sa a gwada ƙasar da za a buga shi da ita tukuna, domin ta Marwa daban, ta bakin Shari daban.